Ilmin Gashin Ƙashi a Jami'a, da Ayyukan da A Ke Samu da Shi

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai, da magatakardansu, da sauran malaman da ke riƙe da littattafan gunduma. Dalili kuwa shi ne, su ne mutanen da iyaye su kan zo wurinsu neman shawara in yaro ya kusa gama sakandare, su ne kuma su kan riga kowa jin labari in ciwo ya kwantar da wani magidanci a ƙauye. Maganar da ke cikin littafin ta haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya.

Aikin likita sananne ne ga kowa. Shi ya ke binciken cuta, ya rubuta magani, in ta kama ya yi tiyata. Amma akwai wani aiki wanda sau da yawa ya ke somawa daidai inda na likita ya tsaya, jama'a kuwa ba su san shi sosai ba. A ɗauki misalin manomi wanda hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye. An kai shi asibiti, an sauko da jinin, bayan 'yan kwanaki an sallame shi. Rai dai ya tsira, amma hannun da ya ke riƙe fartanya ya zama kamar ba nasa ba, ƙafa ba ta kai shi ko ƙofar gida, balle masallaci. Gida guda ya rasa mai ci da shi, an kuma ɗaure wani mutum lafiyayye da jinya dare da rana. Wanda aikinsa shi ne ya ta da wannan manomi, ya sake koya masa zama da tsayuwa da tafiya gwargwadon abin da Allah ya bar masa na ƙarfi, shi a ke kira likitan gashin ƙashi, ko kuwa fisiyo a bakin ma'aikatan asibiti. A jami'a a ke karatunsa, ba kuwa gajeren karatu ba ne.

Sunan da kan ruɗi mutane

Suna ya bi abin da ido ya fi gani. Wanda ya leƙa wannan sashe a asibiti zai ga fitila mai zafi an haska ta ga gaɓa mai ciwo, sai ya ce ai gashi ne irin wanda a ke yi a gida da tsumma da ruwan zafi. Zafin kuwa ƙaramin yanki ne na aikin. Ana amfani da shi, da sanyin ƙanƙara, da na'urorin lantarki masu rage zogi ko ta da tsoka, da ruwa, amma babban maganin da ke hannun likitan gashi shi ne motsi. Ba kowane motsi ba, wanda aka auna: wace gaɓa, zuwa wane gefe, sau nawa, da wane nauyi, a wane mako na jinya. Kamar yadda ƙwayar magani ke da ƙa'idar sha, haka motsi ke da tasa, wanda kuma ya wuce ƙa'ida ya kan yi ɓarna.

Ya kamata a bayyana dalilin da ya sa motsi ya zama magani, gama wanda ya gane wannan ya gane sauran maganar. An halicci tsoka domin aiki. In aka bar ta kwance, cikin 'yan makonni za ta soma ramewa. Gaɓa kuma in aka bar ta a lanƙwashe wata da watanni, naman da ke kewaye da ita ya kan taƙaita, ta ƙage a yadda aka bar ta, har ya zama ko ciwon asali ya warke ba ta miƙuwa. Da yawa daga cikin waɗanda mu ke gani sun naƙasa a garuruwanmu, ba cutar farko ce kaɗai ta kai su ga haka ba, kwanciyar da ta biyo bayanta ce ta ƙarasa su.

Sha'anin shanyewar ɓarin jiki ya fi haka zurfi. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da hagun jiki, na hagu kuma shi ke tafiyar da dama. In jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, wurin da jini ya daina kai wa ya kan mutu, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Amma sassan da ke maƙwabtaka da shi suna iya ɗaukar wani abu daga aikin da ya bari, muddin an yi ta maimaita musu motsin, kamar yadda almajiri ke maimaita allonsa har karatu ya zauna. Wannan koyo ya fi sauri a cikin wata uku zuwa shida na farko. Bayan haka ana samun ci gaba, amma a hankali. Saboda haka iyalin da suka ajiye majiyyaci a ɗaki shekara guda suna jiran ya ji sauƙi tukuna a kai shi gashi, sun bar lokacin shuka ya wuce.

Likitan gashi dabam ya ke da likitan ƙashi, wanda shi ke yin tiyata ya haɗa karaya da ƙarfe. Dabam ya ke da mai tausa. Dabam kuma ya ke da maɗori. Ba a raina maɗora ba, sun yi wa jama'a aiki tun ba a san asibiti ba, har yanzu kuwa su a ke fara nema a wurare da yawa. Sai dai tilas a faɗi gaskiya: ɗorin da aka tamke ƙwarai ya kan tsare jini, hannu ko ƙafa ta ruɓe, ƙarshenta sai yankewa, abin kuma ya fi aukuwa ga yara. Wanda ya karanta yadda jini ke gudana a gaɓa ya san alamun wannan haɗari tun kafin ya yi nisa.

Yadda ilmin ya zo mana

Tausa da motsa jiki tsofaffin magunguna ne a kowace al'umma, amma mai da su ilmi mai makaranta a Turai aka soma. A ƙasar Suwidin wani malami mai suna Per Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a 1813. A Ingila kuwa waɗansu mata huɗu ma'aikatan jinya suka kafa ƙungiya a 1894, wadda daga baya ta zama ƙungiyar likitocin gashi ta ƙasar. Abubuwa biyu ne suka girmar da sana'ar: yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, waɗanda suka bar dubban sojoji da raunuka, da kuma annobar shan inna wadda ta addabi Turai da Amurka har cikin shekarun 1950.

Mu ma ta hanyar yaƙi abin ya iso mana. A 1945 Turawa biyu na Ingila, Mis Manfield da Mista Williams, suka soma aikin a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, domin jinyar sojojin Nijeriya da suka komo da raunuka daga ƙasar Bama da sauran fagagen Yaƙin Duniya na Biyu. Su ne kuma suka fara horad da mataimaka 'yan ƙasa. A 1959 aka kafa ƙungiyar likitocin gashi ta Nijeriya, cikin waɗanda suka kafa ta har da T. A. Oshin, wanda ya yi karatunsa a Ingila. A 1966 Jami'ar Badun ta buɗe karatun digiri a wannan fanni, ita ce ta farko a ƙasar nan, sa'an nan jami'o'in Ikko da Ife suka biyo.

A Arewa an buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, amma makarantar da za ta horad da 'ya'yanmu ba ta samu ba sai 1989, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar gashin ƙashi a Kano, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Jami'ar Maiduguri ta biyo baya, yanzu kuwa waɗansu jami'o'in Arewa, na Gwamnati da na masu zaman kansu, sun buɗe nasu sassan. Tsakanin Badun da Kano akwai shekara 23. Wannan jinkiri na cikin dalilan da suka sa har yau Hakimi zai duba gundumarsa kaf bai sami ɗa ɗaya nata wanda ya karanta wannan ilmi ba.

Hanyar shiga

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton a ƙofar jami'a a ke soma neman shiga. A'a, tun ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare aka raba su, waɗansu ajin kimiyya, waɗansu ajin adabi ko kasuwanci, a ranar aka buɗe masa ƙofar ko aka rufe. Abin da a ke bukata shi ne kiredit biyar a jarrabawar ƙarshe ta WAEC ko NECO: Turanci, da lissafi, da fizis, da kemistiri, da bayoloji. In ɗaya ya faɗi, sauran huɗun ba su isa ba. Sa'an nan yaro ya zauna jarrabawar JAMB a Turanci da darussan kimiyya ukun nan, bayanta kuma jami'ar da ya zaɓa ta yi nata tantancewar. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne, don haka makin da a ke yanka ya kan yi sama.

Nan ne Hakimi ke da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi. In sakandaren gundumarsa ba ta da malamin fizis ko kemistiri, ko ɗakin gwaje-gwajenta a kulle ya ke, to yaran wannan gunduma an hana su wannan karatu da dukan karatun asibiti tun ba su sani ba. Takardar Hakimi zuwa ga Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Ilmi a kan haka ta fi ta kowane uba nauyi.

Malaman gunduma kuma su lura da takardu. Tun 2021 ba a yi wa ɗalibi rajistar JAMB sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Lalle sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a wannan lamba, da takardar haihuwa, da sakamakon jarrabawa, da takardar shaidar asalin Ƙaramar Hukuma. Mun san al'adarmu: yaro Muhammadu ne a gida, Sani a makaranta, a wata takarda an sa sunan uba, a wata sunan gari. Irin wannan saɓani, wanda malami zai gyara cikin yini ɗaya tun da wuri, ya kan jawo wa ɗalibi wahala mai yawa, wani lokaci har da hasarar shekara.

Kafin a biya ko kwabo, a tabbata sashen da yaro zai shiga yana da amincewar hukumomi biyu: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da kuma hukumar rajistar likitocin gashi da takwarorinsu, wadda aka kafa bisa Doka ta 38 ta 1988. Ita ce mai ba da lasin aiki. Digirin da ba ta yarda da shi ba takarda ce kawai, mai shi ba shi da ikon taɓa majiyyaci. Wannan gargaɗi ya fi shafar masu tura 'ya'yansu jami'o'in ƙasashen waje, gama in sun komo sai hukumar ta tantance su tukuna.

Wata magana kuma. Yara da yawa suna faɗawa wannan fanni ne bayan sun nemi karatun likita ba su samu ba, sai su shigo da ɓacin rai, iyaye kuma su riƙa kallon abin kamar ragowa. Wannan ba daidai ba ne. Aiki ne mai zaman kansa, yana kuma son wani irin hali. Likita ya kan ga majiyyaci minti kaɗan, likitan gashi kuwa zai yi watanni da mutum ɗaya, yana lallashinsa ya ɗaga hannun da ke masa zogi, yana murna da ɗan yatsan da ya motsa yau wanda jiya bai motsa ba. Yaro mai gaggawa, ko mai ƙyamar taɓa jikin marasa lafiya, gara ya nemi wani fannin ko da makinsa ya kai.

Abin da a ke karantawa

Tsarin da aka daɗe a kansa shekara biyar ne. Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da sabon tsari na shekara shida wanda mai gama shi ke fita da digiri mai laƙabin Dakta a fannin gashin ƙashi, jami'o'i kuwa suna komawa kansa. Sai uba ya tambayi wane tsari ne a jami'ar da ɗansa zai shiga, don ya san tsawon ɗawainiyar da ke gabansa. Laƙabin kuma bai mai da mai shi likitan tiyata ba, kowa da iyakar aikinsa.

Shekarar farko kimiyya ce zalla. Daga ta biyu a ke shiga ilmin ƙirar jiki, da ilmin yadda sassan jiki ke aiki, da na sinadaran da ke cikinsa. Nan ɗalibi zai san ƙasusuwa 206 na jikin baligi ɗaya bayan ɗaya, da tsokoki fiye da 600, kowace daga ina ta taso, ina ta maƙale, wace jijiya ce ke ba ta umurni, da jijiyoyi tagwaye 31 da ke fitowa daga laka. Ba ɓoye-ɓoye, wannan darasi da gawa a ke koyar da shi, kamar yadda a ke yi wa ɗaliban likita, ya kamata iyaye da ɗalibi su san haka tun farko. A wannan mataki ne ɗalibai da yawa su kan yi tuntuɓe, gama haddar tana da yawa, jarrabawar kuma ba ta da sassauci.

Bayan haka sai darussan sana'ar kanta: ilmin motsin gaɓoɓi, da aikin hannu, da sarrafa na'urorin lantarki da sanin inda ba a sa su, da hanyar auna majiyyaci a gane abin da ke damunsa. Shekarun ƙarshe yawancinsu a asibitin koyarwa a ke yin su, ɗalibi yana zagawa sashe-sashe a ƙarƙashin idon manya: sashen ƙashi, da na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da na yara, da na mata, da na ƙirji da zuciya. Mutane su kan yi mamaki in sun ji akwai likitan gashi a ɗakin masu ciwo mai tsanani, alhali kuwa yana nan, shi ke taimakon wanda ke kwance ya fid da majinar da ta taru a huhunsa kada ta zama wani ciwon. A shekarar ƙarshe ɗalibi ya kan yi ɗan bincike ya rubuta shi.

Gama jami'a ba shi ne ƙarshe ba. Za a rantsad da shi, a ba shi lasi na wucin gadi, ya yi shekara guda ta koyon aiki a asibitin da hukuma ta yarda da shi, ana biyansa albashi. Sa'an nan ya yi shekarar hidimar ƙasa. Lasin kuma kowace shekara a ke sabunta shi. Wanda ya lissafa zai ga daga shiga jami'a zuwa kama cikakken aiki shekara bakwai ce ko takwas, in ba a sami tsaiko ba. Samun gurbin shekarar koyon aikin ma wani lokaci sai an yi jira, domin masu gamawa sun fi guraben yawa.

Maganar 'ya'ya mata

Wannan aiki ne na taɓa jiki, ba kuwa sau ɗaya ba. Mace da yawa a ƙasarmu za ta gwammace ta zauna da ciwonta da namiji ya riƙa miƙe mata ƙafa mako-mako, mijinta ma haka zai zaɓa. Ba za a warware wannan da wa'azi ba, sai da samun mata masu ilmin. Bukatar kuwa babba ce. Doguwar naƙuda wadda ke jawo yoyon fitsari ta kan danne jijiyar ƙafa har mace ta riƙa jan ƙafarta, ana ganin irin waɗannan mata a cibiyoyin yoyon fitsari kamar ta Babbar Ruga a Katsina. Akwai ciwon baya da na ƙugu lokacin goyon ciki da bayan haihuwa, akwai tsofaffi mata masu ciwon gwiwa waɗanda sujada ta gagare su. Hakimin da ya shawo kan uba ɗaya ya bar 'yarsa mai ƙoƙari ta ci gaba da ajin kimiyya ya yi wa matan gundumarsa aikin da za su daɗe suna amfana da shi. Aure kuma ba ya hana wannan karatu, matan aure da dama sun yi shi sun gama.

Inda a ke aiki

Mafi yawa asibitin Gwamnati su ke shiga: asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin Tarayya, da asibitin Dala, da manyan asibitocin jihohi. Aikin yana da matakan girma kamar sauran aikin Gwamnati, daga ƙaramin ma'aikaci har zuwa darakta. Soja da 'yan sanda suna ɗauka. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da hukumomin wasanni suna ɗauka, mutumin nan da a ke gani ya ruga cikin fili da jaka in ɗan wasa ya faɗi sau da yawa shi ne. Wanda ya ƙara karatu zuwa digiri na biyu da na uku ya kan zama malamin jami'a, Arewa kuwa tana da ƙishin irinsu, gama ba a buɗe sabon sashe sai da malamai. Wanda ya ƙware ya cika sharuɗɗan hukuma yana da ikon buɗe wurin kansa, ko ya riƙa bin majiyyata gida.

Amma aikin da ya fi shafar gunduma shi ne na yara da naƙasassu, a nan ya kamata a dakata. Rabon da a sami yaron da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a Nijeriya tun 2016 a Barno, a 2020 kuma aka ba da shaida cewa Afirka ta rabu da ita, ko da ya ke rigakafi bai tsaya ba, bai kuma kamata ya tsaya ba. To, waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, sun girma, suna bukatar takalmin ƙarfe da sanduna da keke, da wanda zai auna musu su daidai. Akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni saboda wahalar haihuwa, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, su ne waɗanda wuyansu ba ya tsayawa, zama da rarrafe su yi ta jinkiri. Akwai yaran da aka yi wa allura a mazaunai ba bisa ƙa'ida ba, ta sami babbar jijiyar da ta sauka zuwa ƙafa. Akwai jariran da hannunsu ɗaya ke saki saboda an ja shi wajen haihuwa.

Akwai kuma jaririn da a ke haifa da ƙafa a murɗe ta juya ciki, wajen ɗaya cikin dubu. Wannan yana da magani ba tare da babbar tiyata ba, ta hanyar da wani likita mai suna Ponseti ya tsara a Amurka: ana miƙe ƙafar kaɗan-kaɗan a sa mata filasta, ana sauyawa mako-mako kamar sau biyar zuwa takwas, yawanci a ɗan tsaga jijiyar dunduniya, sa'an nan yaro ya riƙa sa wani takalmi na musamman, daga baya da dare kaɗai, har ya kai wajen shekara huɗu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Jaririn da aka kawo a makonnin farko ya kan yi tafiya kamar kowa, wanda aka bari ya girma a haka kuwa gyaransa sai da wahala mai yawa.

Kuturta ma tana da magani yanzu, amma jijiyoyin da ta riga ta lalata suna barin hannu da ƙafa ba ji, sai an koya wa mai ita yadda zai kiyaye su daga ƙuna da rauni. Ga haɗarin mota da babur, ga waɗanda rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gaɓoɓinsu. Ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross suna ɗaukar likitocin gashi domin wannan, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masu haɗa ƙafar roba, wanda shi ma wani fanni ne mai karatun kansa, kamar yadda koya wa majiyyaci magana ya ke wani fannin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 2,400, watau ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da wata larura da irin wannan jinya za ta amfane su.

Abin da bai kamata a ɓoye ba

Ba kowa ne ke warkewa sarai ba. Wanda lakarsa ta yanke gaba ɗaya, gashi ba zai haɗa ta ba. Abin da za a yi masa shi ne a kiyaye shi daga gyambon kwanciya, a ƙarfafa hannuwansa, a koya masa hawa keke da sauka da kansa, har ya iya zaman shago ko wata sana'ar hannu. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da dā sai an ɗauke shi. Duk wanda ya zo gunduma da na'ura yana alkawarin ta da kowane gurgu cikin kwana bakwai, Hakimi ya nemi ya ga lasinsa.

Na biyu, yawancin likitocin gashi a manyan birane su ke, saboda a can ne guraben aiki da kayan aiki su ke. Da yawa kuma suna fita zuwa Ingila da Saudiyya da sauran ƙasashe, inda albashi ya fi tsoka. Ba a zargin yaron da ya nemi abin da zai riƙe iyayensa. Amma in gunduma ta yi karo-karo, ko ta nema wa ɗanta sukolashif daga hukumar tallafin karatu ta Jiha, daidai ne a yi magana da shi a gaban iyayensa tun farko a kan shekarun da zai yi wa jama'arsa aiki in ya gama. Daidai ne kuma Hakimi ya nemi a buɗe gurbin wannan aiki a babban asibitin yankinsa, gama ba amfani a ce wa yaro ya komo gida alhali ba inda zai zauna. Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne ba sai da na'urori masu tsada a ke somawa ba. Ɗaki guda, da gado mai ƙarfi, da tabarma, da sanduna biyu da kafinta zai kafa don koyon tafiya, sun isa mai ilmi ya yi aiki mai yawa.

Ga malaman gunduma

Ana roƙon kowane malamin Hakimi ya buɗe shafi biyu a littafinsa. A na farko ya rubuta sunayen ɗaliban ajin kimiyya na gundumar, maza da mata, waɗanda shugabannin makarantu suka shaida ƙoƙarinsu, don in an yi shelar tallafin karatu ba sai an tsaya nema ba. A na biyu ya rubuta waɗanda Dagatai da Masu Unguwa suka ba da labarin ciwo ya kwantar da su ko ya naƙasa su, da jariran da aka haifa da matsalar ƙafa ko hannu, tare da ranar da abin ya soma. Wannan shafi shi ne hujjar Hakimi ranar da zai nemi a turo ma'aikaci.

Kafin a sami kai majiyyaci asibiti, a gaya wa iyalinsa su riƙa juya shi kowace awa biyu, su kiyaye shimfiɗarsa a bushe, kada kuma su ja shi ta hannun da ya shanye, gama kafaɗar tana iya gocewa. Wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannunsa ya saki, asibiti za a kai shi a ranar, ba a jiran gobe. Wanda aka yi wa ɗori kuma, in yatsunsa suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko zogi ya yi ta ƙaruwa, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. In za a tafi sashen gashi, a ɗauki katin asibiti da hoton ƙashi in akwai, a kuma tafi da mutumin da zai riƙa jinyar a gida, domin shi za a koya wa motsin da za a ci gaba da yi tsakanin zuwa da zuwa.